Ƙwan Manaja da Ɗakin Masu Shara

Kwana uku kacal aka tura ƙanena kwas, amma ya dawo kamar wanda ya shekara bakwai yana karatu. Tafiyarsa ta canza, ya rataya wani kati a wuya wanda ko banɗaki ba ya shiga sai da shi, bakinsa kuma bai sake rufuwa ba. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka dijital. Ka ce famfo ya lalace, ya ce ai matsalar ba ta famfo ba ce, ta tsari ce.

Shi ne manajan ginin da nake aiki, bene mai hawa huɗu, ofisoshi da shaguna ashirin da biyu. Ni ce babbar masu shara, shekarata goma sha shida ina goge matakalar nan, kuma ni na kai shi gaban Hajiya mai ginin na ce a gwada shi, ya yi boko. Allah ya yafe mini. A gida Auta muke ce masa, ni na goya shi, ya yi mini fitsari a baya ya fi sau a ƙirga. A wurin aiki kuwa ya kafa doka, kowa Manaja zai kira shi.

Ranar Litinin ya tara mu a zauren shiga, masu haya da ma'aikata duka. Hajiya na zaune a kujera da jakarta a cinya. Ya buɗe wani kwali ya ɗago wani farin abu mai kama da rabin ƙwai, ya ɗaga shi sama kamar ya ci kofi.

"Jama'a, wannan shi ne ƙarshen ƙarya a ginin nan. Za a manna shi a rufin kowane ɗaki. In da mutum yana motsi, wuta da na'urar sanyi su yi aiki. In ba motsi, ya kashe su da kansa. Sannan yana rubuta komai ya turo mini a waya. Ina zaune zan san abin da kowane lungu yake ciki."

Maigadi ya leƙa kwalin. "Manaja, ana dafa shi ne ko haka ake manna shi ɗanye?"

"Baba, wannan zamani ya wuce ka."

"Ya wuce ni lafiya, ni dai tambaya na yi."

Tun daga ranar sunan abin ya zama ƙwai.

Hajiya ta gyara zama ta ce ita abu ɗaya ya kawo ta. Wani mai sayar da tabarau yana neman wuri, kuma duk shagunan sun cika. Ɗakuna huɗu ne ba na haya ba: sito, ɗakin maigadi, ɗakin masu shara da ke ƙarƙashin matakala, sai ofishin manaja a hawa na uku. Dole ɗaya ya tafi. Ta ce ta rasa wanda za ta zaɓa, ba ta son ta zalunci kowa.

Auta ya buga ƙirji. "Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Ƙwai zai zaɓa. Wata ɗaya za mu ba shi. Ɗakin da ya fi kowanne ƙarancin motsi, shi ne ba a buƙata. Na'ura ba ta da ɗan uwa, ba ta da son kai."

"Har da ofishinka?" in ji Hajiya.

"Har da shi mana! A fara manna nawa ma. Ni da ba na zama, ina tsoron me?"

Na dube shi, ya kau da kai. Na san inda ya dosa, don tun bara yake cewa ɗakinmu ɓarnar wuri ne.

Ɗakin nan ba wani abin kallo ba ne. Taku uku ne tsawonsa, rufinsa ya karkata saboda matakala, in ka miƙe da sauri sai ka ga taurari. Amma nan muke ajiye bokitai da sandunan goge-goge, nan muke canza kaya, nan butar shayinmu take. Mu uku ne: ni, da Doguwa, da Gwaggo wadda ta girme mu duka. Gwiwar Gwaggo ta daɗe da yin yaji. Kullum da rana sai ta kwanta a tabarma na minti ashirin ta ɗora ƙafar a kan bokitin da aka kife, sannan take iya ƙarasa aikin yamma. In aka ƙwace ɗakin, Gwaggo ta bar aiki ke nan, kuma jikoki uku take riƙo. Matsalar ita ce mu aikinmu a waje yake. Ɗakin da masu shi ke goge bene huɗu, ina zai samu motsi?

Na tare shi a matakala. "Auta."

"Manaja."

"Auta, ɗakinmu kake so ka ci."

"Shugabar Sashen Tsafta, ni ba na cin ɗaki. Alƙaluma ne za su yi magana."

"Wace ce kuma Shugabar Sashen Tsafta?"

"Ke mana. Haka sunanki yake a manhajar ginin da ke waya."

"To ka gaya wa manhaja ni na yaye ka."

Kafin Laraba an manna ƙwai ko'ina, har banɗakuna. Takardar bayani mai shafi arba'in ta zo da kayan, Auta ya ce shi ba ya buƙatarta, ya jefa ta a kwandon shara. Ya saita komai da kansa: minti biyu ba motsi, wuta ta ɗauke.

Wanda ya fara ɗanɗanawa shi ne mai gyaran agogo na hawa na ɗaya. Bawan Allah ne da in ya sa gilashi a ido ya sunkuya, ko numfashi a hankali yake yi. Yana riƙe da wata ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gishiri, wuta ta ɗauke. Ya ɗaga hannu ya kaɗa, wuta ta dawo, ƙusa ta tafi. Ya yi rarrafe ya nemo ta, ya sake sunkuyawa, wuta ta sake ɗaukewa. Da azahar na leƙa na tarar da shi yana gyara da hannu ɗaya, ɗayan yana sama yana kaɗawa kamar mai tare mota.

Likitan haƙori nasa ya fi muni. Abin da yake gaya wa kowa shi ne kada ka motsa. Yana cikin cire wa wani ƙaton mutum haƙori, shi shiru, mara lafiya shiru, sai duhu. Mutumin ya zabura ya rufe baki da yatsan likita a ciki. Ihun da muka ji har ƙasa, ba mu san na wane ne ba a cikinsu. Likita ya fito da yatsa a naɗe, ya tarar da Auta a baranda.

"Manaja, ƙwanka ya sa an cije ni!"

"Ka shigar da ƙorafi a manhaja, Likita."

"Ga ni a gabanka! Ga yatsan!"

"Ina ganinka, amma tsari bai gan ka ba. In ba a manhaja yake ba, bai faru ba."

"Da wane yatsa zan danna?"

"Ai guda goma Allah ya ba ka."

Sai kuma Lauya na hawa na biyu, mai son shiga banɗaki da jarida. Na zo wucewa da bokiti na ji ana tafi a ciki, ana cewa, "Wai wa ya kashe wuta? Na ce wa ya kashe?" Ƙwan banɗakin a bakin ƙofa aka manna shi, ba ya ganin wanda ke can ciki. Lauya ya yi tafi, ya kaɗa jarida, a ƙarshe sai ga takalminsa ya taso ta saman ƙofa. Wuta ta kawo, takalmin kuma ya faɗa cikin bokitina. Ya fito da ƙafa ɗaya a safa yana rantsuwa sai ya maka wani a kotu, bai dai tsai da shawarar ko wane ne ba tukuna.

Cikin mako guda duk ginin ya koma kamar gidan masu motsa jiki. Ka leƙa ofis ka ga mutum yana magana a waya, can sai ya miƙe ya kaɗa hannuwa ya zauna, bai fasa maganarsa ba. Baƙi suka fara tambayar maigadi ko lafiya. Shi kuwa Auta yana zagayawa da ƙirji a gaba yana cewa, "Kun gani? Har lafiyarsu na gyara musu, ba wanda ya ce na gode."

Mu ma mun gwada tamu dabarar. Doguwa ta ce duk wadda ta zo wucewa ta shiga ɗakin ta ɗan taka rawa. Muka yi kwana biyu muna yi, Gwaggo na kwance tana kaɗa ƙafar mai lafiya. Amma wanda ke hawa na huɗu da bokiti ba zai sauko don rawa ba, muka haƙura.

Ranar da mako ya cika ina goge ofishinsa da safe, ya shigo yana fito, ya kunna kwamfuta. "Zo ki ga ilimi, Shugabar Sashen Tsafta. Yau sakamakon farko ya fito."

Na jingina da sanda na leƙa. Ni ba gwanar karatu ba ce, amma na iya gane dogo da gajere. Ɗakin maigadi layinsa dogo. Sito ma ba laifi, don kowa na shiga ɗaukar kaya. Namu gajere. A ƙarƙashin namu kuma akwai wani ɗan guntu kamar an yanke farce.

"Wannan na ƙarshen fa, na wa ne?"

Fiton ya tsaya. Ya matso da fuska, ya goge allon da hannun riga, ya sake dubawa.

"Kuskure ne."

"Na'ura ba ta da son kai, in ji wani."

"Ba ta gama sabawa da ni ba ne."

Babu wani kuskure. Auta kan zo ƙarfe tara, ya ajiye jaka, ya tafi wurin mai shayin tsallaken titi abin da yake kira ganawa da masu ruwa da tsaki. Ya dawo sha biyu, ya rufe ƙofa, ya jingina a kujera ya ɗora hula a fuska. Wuta ta ɗauke bayan minti biyu, abin ya ma yi masa daɗi. Ƙwai kuwa yana sama yana rubutawa.

Na sauko da murna na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Kada ki yi saurin dariya, yaron nan ba zai zauna haka ba."

Ta fi ni saninsa. Washegari na tarar da fanka mai juyawa a kan teburinsa, ya ɗaura mata hularsa da tsohuwar riga, tana waige dama da hagu kamar baƙo a tasha. Kwana biyu tana waige, layinsa bai ƙaru ba. Sai ga shi yana tambayata a hankali ko na ga wata takarda mai shafi arba'in. Na ce tana wurin mai gyaran agogo, ya tsince ta a shara yana karantawa. Ya je ya aro, a nan ya gano ƙwai ba ya kula da motsin da ba ɗumin jiki. Sai mai rai.

Ya kamo kyanwar da ke zama bayan sito, ya kai ta ofis ya zuba mata madara. Kyanwa ta shanye, ta haye kan takardu ta miƙe. Da na shigo da rana na same su su biyu a duhu, shi a kujera, ita a tebur, kowa da irin munsharinsa.

Ranar Litinin da ta biyo baya ya manna takarda a ƙofarsa: an hana shiga, har masu shara. Ya sa wani sabon makulli da ake buɗewa da waya. Ya ce akwatin da ke haɗa dukkan ƙwayayen yana ƙarƙashin teburinsa, kuma ƙurar tsintsiya na iya lalata shi. Daga ranar kuma ya fara zuwa da leda cike da karas da ganyen kabeji.

Maigadi ya ce, "Manaja, miya za a yi a sama?"

"Rage teɓa nake yi. Shugaba na zamani ba ya ajiye tumbi."

"To Allah ya taimaka. Amma na ga tumbin bai ji labari ba."

Sakamakon mako na biyu ya fito, Auta da kansa ya buga shi ya manna a zaure. Ofishinsa ya tashi daga ƙarshe ya koma na ɗaya, har ya wuce shagon mai gyaran waya da ba ya rabuwa da jama'a. Namu ya koma ƙasa. Gwaggo ta tsaya gaban takardar ta daɗe, sannan ta ɗauki bokitinta ta hau sama tana dafa bango. Abin ya tsaya mini a rai.

Kwana uku bayan haka ina share barandar hawa na uku, sai tsintsiya ta jawo wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe daga ƙarƙashin ƙofarsa. Na tsuguna na duba. Na kasa kunne, na ji ƙus-ƙus-ƙus a ciki, alhali na san mai ofishin yana tsallaken titi da kofin shayi. Na tattara su a takarda na jira shi.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya leƙa. "Barkono ne."

"To ɗanɗana."

"Ina rage cin yaji."

"Kashin zomo ne. Guda nawa ne a ciki?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Yaya, ki rufa mini asiri. Uku ne kawai. Aro na yi wurin maƙwabcina, wata na cika zan mayar."

"Yanzu na zama Yaya? To ji nan. Ka je ka gaya wa Hajiya a bar zancen ƙwai, a raba sito biyu a ba mai tabarau rabi. Kowa ya huta, ni kuma ban ga komai ba."

"In ce tsarina bai yi aiki ba? A gaban mutane? Ai na riga na gaya wa waɗanda suka koyar da mu cewa ginina zai zama abin misali."

"Gwaggo fa? Matar da ta riƙa raba abincinta da kai lokacin da kake yawon neman aiki?"

"Alƙaluma ba su san Gwaggo ba. Kuma manaja ba ofis, ai kamar direba ne ba mota. Ku fa ko a baranda kwa iya canza kaya."

Na dube shi sama da ƙasa. "Ranar da ka yi kashi a wando a makaranta, ni na zo na ɗauke ka, ban gaya wa kowa ba har yau. Kada ka ƙure ni."

"Wannan tsohon tsari ne," in ji shi, ya shige ya rufe ƙofa da sauri don kada wani ya fito.

Na yi kwanaki ina juya abin. In kai ƙararsa wurin Hajiya, ni da na kawo shi? Ɗan uwa ɗan uwa ne ko da wawa ne. Sau biyu ina sake yi masa magana, sau biyu yana ce mini in shigar a manhaja. Na ce to shi ke nan.

Ranar cikar wata ya sa aka kawo ƙatuwar talabijin zauren shiga, aka jera kujeru. Ya sa kwat a cikin zafin nan. Hajiya ta zo da mai tabarau, wani siririn mutum da ke ta auna bango da ido. Duk masu haya sun sauko, har Likita da Lauya, kowa da abin da ke cinsa. Mu uku muka tsaya a baya da sandunanmu.

Auta ya yi jawabi na rabin awa. Ya ce wutar da gini ke sha ta ragu, wannan kam gaskiya ne, tunda rabin wata a duhu muka yi shi. Sannan ya nuna layukan.

"Ga ofishin manaja, Hajiya. Ki duba da kanki. Motsi yana farawa tun ƙarfe biyar na asuba."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Biyar na asuba? Kai?"

"Shugabanci sadaukarwa ne."

Maigadi ya ce, "Ikon Allah. Ni da ke buɗe ƙofa ƙarfe bakwai ban taɓa ganin shigarka ba."

"Baba, ba komai ake gani da ido ba a zamanin nan."

"Har Asabar da Lahadi," in ji Hajiya tana bin allon da yatsa. "Kai, ashe na yi dace da ma'aikaci."

Auta ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ya danna, layin ƙarshe ya fito ja. "Wannan kuma, da baƙin ciki, ɗakin masu shara ne. Ba ni na faɗa ba, na'ura ce."

Hajiya ta juyo ta dube mu, ta ce, "Ku yi haƙuri, alkawari ne." Na ji Gwaggo ta saki numfashi a gefena. Mai tabarau har ya fara leƙen ƙarƙashin matakala.

Da Auta ya tsaya nan, da ya ci. Amma mai cika baki ba ya sanin inda ake tsayawa. Ya ce bari ya nuna wa Hajiya abu na ƙarshe, wanda ko a kwas sai da aka tafa masa. Ya danna, hoton ginin gaba ɗaya ya fito, kowane ɗaki da akwatinsa. "Wannan kai tsaye ne. Duk inda mai rai yake motsi a daƙiƙar nan, za ki ga koren ɗigo. Kin ga zaure ya cika da kore, don duk muna nan. Sauran gini kuma wayam."

Na ɗaga sandar goge-goge.

"Manaja, ni jahila ce, a taimaka mini. Wancan koren da ke ƙyaftawa a hawa na uku, na wane ne?"

Kowa ya ɗaga kai. Ga shi nan kuwa, a tsakiyar ofishin manaja, yana ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa.

Hajiya ta ce, "Wa ka bari a ofis?"

"Ba kowa. Wato... ragowar motsina ne na ɗazu. Yakan ɗan jima kafin ya huce."

"Ka ce kai tsaye ne."

"Kai tsaye ne, amma mai ɗan jinkiri."

"Ɓarawo ne!" in ji maigadi, ya zari sandarsa. "Wallahi ɓarawo ne, kuma tun asuba yake shiga!"

Kafin Auta ya buɗe baki zaure ya watse. Maigadi a gaba, Lauya na biye yana cewa kada a taɓa shi sai an ɗauki bayaninsa, Likita ya ɗauko abin kashe gobara, Hajiya na hawa tana haki, mai tabarau na riƙe mata jaka. Auta na bin su yana cewa, "Jama'a, a tsaya! Tsari yana da matakai!" Gwaggo ma ta hau, ban taɓa ganin gwiwar nan ta yi sauri haka ba.

A bakin ƙofa Hajiya ta ce, "Buɗe."

Ya ciro waya ya danna nan ya danna can. "Kash, sabis ya ɗauke. Sai dai gobe."

"A fasa," in ji maigadi.

Na ce, "Ba sai an fasa ba." Sabon makullin nasa a kan tsohon aka ɗora shi, ramin mabuɗi yana nan, ni kuma shekara goma sha shida ina yawo da mabuɗan ginin a ƙugu. Auta ya dube ni kamar zai yi kuka. Na murɗa.

Warin ne ya fara fitowa, Hajiya ta toshe hanci da mayafi. Sai wani farin zomo ya yi fit ta tsakanin ƙafafun Lauya. Lauya ya yi tsalle ya rungume Likita, Likita ya matse abin kashe gobara, farin gari ya wanke mai tabarau daga kai har ƙafa. Zomo na biyu ya bi matakala, maigadi ya bi shi yana cewa, "Tsaya, ɓarawo!" don bakinsa bai samu labarin abin da idonsa ya gani ba.

Ofishin kuwa ba ya kallo. Ganyen kabeji ko'ina, ƙafar tebur an gwaguye, takardar shaidar kwas ɗin da yake taƙama da ita saura rabi. Na ukun, wani ƙato mai ruwan toka, yana zaune ƙarƙashin tebur hankali kwance, da wayar akwatin ƙwayaye a bakinsa.

Hajiya ta ce, "Manaja, waɗannan su ne masu zuwa biyar na asuba?"

Auta ya gyara kwat. Wallahi har a lokacin bai saduda ba. "Hajiya, wannan gwaji ne na musamman. Ana auna ingancin na'ura da ƙananan halittu kafin a..."

Zomo ya ƙarasa cizonsa. Akwatin ya yi ƙara sau ɗaya, fitilun hawa na uku suka mutu gaba ɗaya. Nan take, ba wanda ya ce a yi, mutum goma sha biyar suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, har Hajiya da ta gan mu muna yi. Muka yi ta kaɗawa a duhu, ba abin da ya kawo. Can Gwaggo ta fashe da dariya, irin wadda sai da ta zauna a ƙasa, kowa ya kama.

Da aka buɗe tagogi Hajiya ta share hawaye ta ce a nuna mata sakamakon makon farko, kafin zuwan ma'aikatan asuba. Auta ya ce ya ɓace. Mai gyaran agogo ya ce bai ɓace ba, shafi na talatin da ɗaya ya yi bayanin inda ake samunsa, ya karɓi wayar ya nemo. Hajiya ta daɗe tana kallon ɗan guntun layin nan.

"Na'ura ba ta da son kai," ta ce. Ta juya wurin mai tabarau da ke karkaɗe gari daga kunne. "Malam, hawa na uku ya yi maka?"

Ba ta kori Auta daga aiki ba, ta ce albarkacin yayarsa. Ƙwayayen ma ba ta cire ba, ta ce abin da ya faɗa mata gaskiya a wata ɗaya ba za ta rabu da shi ba. Mai gyaran agogo ya haɗa wayar, ya mayar da minti biyu zuwa ashirin, ya matsar da na banɗaki ciki. Lauya ya janye ƙarar da bai shigar ba.

Da jama'a suka watse Auta ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, a taimaka a share ofishin kafin mutumin ya kawo kayansa."

"Ka shigar a manhaja."

"Yaya mana."

"Ina ganinka, amma tsari bai gan ka ba." Na miƙa masa bokiti da tsumma. Ya tuɓe kwat ya durƙusa, Doguwa na tsaye a kansa tana nuna masa inda ya tsallake.

Washegari ya zo bakin ɗakinmu da kwamfuta a hammata, ya yi sallama har sau biyu. Sito ya cika, maigadi ya ce shi ba ya haɗa ɗaki da mai kiwo. Na ce ba ni zai tambaya ba. Gwaggo na kwance da ƙafa a kan bokiti, ta dube shi ta ce ya shigo, amma da sharaɗi: ya cire takalmi, ya bar katin wuyansa a waje, kuma a nan ciki sunansa Auta. Ya amsa duka. Muka ba shi lungun da rufi ya fi karkata, kullum sai ya buga kai sau biyu kafin ya tuna.

Jiya da rana na dawo ɗaukar sabulu na tarar da ɗakin duhu. Gwaggo na kan tabarma idonta biyu, shi kuma yana lungu da hula a fuska. Na ɗaga hannu zan kaɗa wa ƙwai, ta riƙe mini zani.

"Bar shi," ta ce a hankali. "Manaja na yi mana tattalin wuta."